Babi na Bakwai: Wa Ya Sa Jarrabawata Ranar Juma'a?

Unguwar Gwallameji, a kan hanyar Dass in ka fito daga cikin garin Bauchi, da takarda ɗaya take kwana take tashi. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take tun da aka kafa ta a 1979, ga harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a maƙwabta, shi ya sa yawancin ɗakunan hayar unguwar ɗalibai ne a ciki. In jadawali ya ce akwai lakca ƙarfe takwas, tun bakwai da rabi mai Keke ya san zai cika, mai shayi ya san yawan burodin da zai saro. In jadawalin jarrabawa ya fito, mai kwafin takardu ba ya samun zama. In an gama, mai abinci ta koma ƙaramar tukunya. Mutanen da ba su taɓa leƙa aji ba, wannan takardar ce ke juya musu kasuwa.

A yawancin manyan makarantunmu malami ɗaya ne, ko ɗan ƙaramin kwamiti, ke zama da jadawalin bara da shafin Excel ya yi ta goge nan yana cike can har abin ya zauna. Yanzu kuwa masu sayar da manhaja sun fara ƙwanƙwasa ƙofa, kuma duk shekara sai ka sami ɗalibin ajin ƙarshe a sashen kwamfuta da ya ɗauki wannan matsala a matsayin aikin kammala karatunsa. Hanya biyu ake ajiye musu a gaba. Ta farko, ka rubuta wa na'ura ƙa'idoji ta bi. Ta biyu, ka zuba mata bayanan shekarun baya ta koya da kanta, abin da aka fi tallatawa da sunan ƙirƙirarriyar basira. Ta biyun ta fi daɗin faɗa a gaban shugaban makaranta. Ra'ayina shi ne, a wuri irin Gwallameji ta farkon ce ya kamata ta riƙe ragama, ta biyun ta tsaya a ɗan gurbin da za mu zo kansa.

Kafin nan, me ya sa aikin ke cin mutum haka? Ɗauki takarda ka zana ɗan da'ira ga kowane kwas da za a yi jarrabawarsa. Duk kwas biyun da ɗalibi ko da guda ɗaya ne ya yi rajistarsu tare, ka ja layi tsakaninsu. Aikinka shi ne ka shafa wa kowace da'ira launi, amma kada biyun da layi ya haɗa su sami launi ɗaya. Kowane launi zama ɗaya ne na jarrabawa: ja safiyar Litinin, kore yammacinta, haka dai. Da a ce kowane ɗalibi na tafiya da ajinsa, da abin da sauƙi, domin 'yan ND I ba ruwansu da 'yan ND II. Amma ga mai kari-oba, wanda ya faɗi lissafi bara yana maimaitawa bana. Shi kaɗai ya ja layi daga kwas ɗin ƙasa zuwa duk kwasa-kwasan ajinsa na yanzu. Ga kuma darussan GNS da kusan kowane sashe ke ɗauka, waɗanda layinsu ke miƙewa ta ko'ina. Kafin ka ankara takardar ta cika da layuka, launin hannunka kuwa bai fi na mako biyu ko uku ba. A 1967 wasu masana lissafi biyu a Ingila, Welsh da Powell, suka wallafa wata dabara a kan ainihin wannan zane: fara da da'irar da ta fi yawan layuka, ka ba ta launi, sannan ka gangaro. Duk tsohon mai tsara jadawali ya san wannan ba tare da ya ji sunansu ba, shi ya sa yake fara ajiye GNS kafin komai.

In ka ce za ka gwada kowane jeri ka zaɓi mafi kyau, lissafi zai hana ka. Jarrabawa 10 a gurbi 10 ana iya jera su ta hanya 3,628,800. In sun zama 20, hanyoyin sun kai 2,432,902,008,176,640,000. A 1976 Even da Itai da Shamir suka tabbatar cewa matsalar jadawali tana cikin rukunin matsalolin da har yau ba wanda ya san wata gajeriyar hanyar warware su a kowane hali. Saboda haka in malamin da ke haɗa jadawali ya yi mako biyu yana fama, ba lalaci ba ne.

Mu fara da hanyar ƙa'ida. Masu wannan fanni sun kasa sharuɗɗa gida biyu, kuma duk wanda ya yi karatun zaure zai gane rabon nan take, domin tamkar farilla da mustahabbi ne. Akwai waɗanda in an karya ɗaya jadawalin ya ɓaci: malami ba zai kasance a aji biyu lokaci guda ba, ɗalibi ba zai rubuta takarda biyu a zama ɗaya ba, ɗakin da ke cin mutum 80 ba za a tura masa 200 ba, ba darasi lokacin sallar Juma'a, ba jarrabawa safiyar Lahadi. A unguwar da Musulmi da Kirista ke haya gida ɗaya, 'yan Bauchi da 'yan Filato da Gombe da Binuwai da 'yan Kudu, waɗannan biyun na ƙarshe ba abin wasa ba ne. Jami'ar da ke da haraba biyu, kamar ta Abubakar Tafawa Balewa mai Yelwa da kuma Gubi da ke can kan hanyar Ningi, tana buƙatar ƙari: wanda ya tashi aji ƙarfe goma a nan ba zai shiga wani ƙarfe goma a can ba. Sai kuma waɗanda ake so a samu amma rashinsu bai rushe komai: kada ɗalibi ya yi jarrabawa biyu a rana ɗaya, a sa manyan azuzuwa da wuri don a sami lokacin maki, kada a bar wa malami tazarar awa huɗu tsakanin darasi da darasi. Kowanne a cikin waɗannan ana ɗora masa nauyi, a ce karya wannan tarar maki 5, karya wancan maki 50. Sai na'ura ta shiga lalube, tana matsar da wannan tana musanya wancan sau dubbai a cikin daƙiƙa, har ta samo jadawalin da bai taɓa na dole ba kuma tararsa ta fi ƙanƙanta.

A lura da kyau a nan, domin nan ne masu talla ke rikita mutane. Wannan laluben ba koyo ba ne. Na'urar ba ta taɓa ganin jadawalin bara ba, kuma ba ta buƙata. Tsohuwar sana'a ce: tun farkon shekarun 1960 Gotlieb na Jami'ar Toronto a Kanada ya yi rubutu a kan haɗa jadawalin makaranta da kwamfuta. Yau kayan aikin a ɓagas suke. Akwai FET, wadda wani ɗan Romaniya, Liviu Lalescu, ya rubuta yake kuma rabawa kyauta, tana aiki a kan ƙaramar kwamfuta ba tare da intanet ba. Akwai UniTime, wadda ta taso a Jami'ar Purdue ta Amurka. Akwai OR-Tools ta Google ga wanda ya iya rubuta manhaja. Har gasar duniya ake yi a kan matsalar tun 2002, kuma a ta 2019, wadda aka yi da bayanan jami'o'i na gaske, tawagar da ta zo ta ɗaya 'yan Denmark ne da suka yi amfani da lissafin sharuɗɗa da lalube. Sau da yawa in an ce maka ga manhajar jadawali mai basira, in ka buɗe cikinta wannan ne za ka tarar, an dai canja mata riga.

Ƙa'ida tana da nata ciwon, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da ka rubuta kawai ta sani. A ƙarshen 2017 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya wayi gari manhajarsa ta ba matuƙa da yawa hutun Kirsimeti a lokaci guda, har ƙungiyar matuƙan ta ce sama da tashin jirgi 15,000 ba su da cikakkun matuƙa. Sai da kamfanin ya ƙara kuɗi ya lallashe su suka dawo. Na'urar ba ta yi gardama ba, ta bi abin da ta tarar ne. A makarantunmu kuwa rabin ƙa'idojin ba a rubuce suke ba, suna cikin kan mutum ɗaya. Shi ya san zauren da ke yoyo in ruwan Agusta ya sauko. Shi ya san ɗakin da ke kallon yamma, wanda in ka sa mutum 150 a ciki ƙarfe biyun rana a watan Afrilu sai an fito da wani a sume. Ya san ɗakin gwaji ba ya aiki sai an tada janareta, kuma ya san sa'o'in da ake tadawa. Ya san malamin aro da ke zuwa daga Jos Talata da Laraba kawai, da malamar da ke shayarwa wadda ba a sa mata takwas na safe. In ka tambaye shi ya lissafo maka ƙa'idojinsa zai ba ka goma. In ka nuna masa jadawalin da na'ura ta fitar da goman nan, zai duba ya girgiza kai ya ce wannan ba zai yiwu ba, sai ga wasu talatin sun fito. Zaman nan na tatsar abin da ke kansa, ɗaya bayan ɗaya, shi ne ainihin aikin, kuma ya fi rubuta manhajar cin lokaci.

A nan ne mai hanyar koyo zai ɗaga hannu ya ce: to ai shi ke nan, tunda ƙa'idojin a ɓoye suke cikin tsofaffin jadawalai, ku ba na'ura su ta zaƙulo da kanta. Magana ce mai ma'ana, kuma akwai inda ta yi aiki. A 2019 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna manhajar da ta koyi jera ayyuka a manyan rumbunan kwamfuta har ta zarce dabarun da mutane suka rubuta da hannu. Amma dubi abin da ta samu: tana iya gwadawa sau dubbai a filin gwaji na ƙarya, ta yi kuskure ba wanda ya ji ciwo, kuma ma'aunin nasara ɗaya ne, wato saurin gama aiki. Makaranta fa? Zango biyu ne a shekara. Ko da a ce kwalejin da ke Gwallameji ta adana kowane jadawalin darasi tun 1979 ba tare da ɗaya ya ɓata ba, ba su kai 100 ba, kuma na shekarun farko na wata makaranta ce daban mai 'yan sassa kaɗan. Ba a koyon komai mai ƙarfi daga misali kaɗan haka.

Kuma su kansu shekarun ba su yi kama da juna ba. Malaman kwalejojin fasaha sun yi yajin aiki daga Oktoban 2013 zuwa Yulin 2014. An rufe makarantu a Maris ɗin 2020 saboda korona. Malaman jami'o'i sun yi wata takwas a gida a 2022. Duk lokacin da aka dawo daga irin wannan sai a matse zango, a ci Asabar, a yi jarrabawa a watan da ba a saba ba. Na'ura mai koyo ba ta san wanne ne daidai wanne ne larura ba, duk darasi ne a wurinta. Ga azumi, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, sai ya yi kusan shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. A 2016 a watan Yuni ya kama, damina ta sauka. A 2024 a Maris ya kama, tsakiyar zafin bazara. Wanda ya koya daga bayanan shekara biyar bai taɓa ganin azumi a gurbin da zai faɗo baɗi ba. Alhali in ƙa'ida ce, layi ɗaya ne: daga ranar kaza zuwa ranar kaza a rage darussan yamma. Abin da ka riga ka sani, me ya kai ka sa na'ura ta yi ta canke a kansa?

Akwai wanda ya fi wannan damuna. Tsohon jadawali ba hikima kaɗai ya adana ba, ya adana har da wanda ya fi ƙarfi. In shekara goma manyan malamai na samun safiyar Talata da Laraba, ƙananan da aka ɗauka jiya na samun yammacin Juma'a da Asabar, in wani sashe kullum shi ke da babban zaure saboda shugabansa na da baki a sama, na'ura za ta haddace wannan tsaf ta ci gaba da yi, kuma yanzu da hatimin kwamfuta a kai. Da, ƙaramin malami na iya shiga ofis ya ce, "Yallaɓai, zango uku ke nan ana ba ni yammacin Juma'a, a duba mini." Yanzu za a ce masa na'ura ce. Ba ma sai an koya daga son kai ba kafin a cuci mutane. A 2014 jaridar New York Times ta ba da labarin ma'aikatan shagunan Starbucks, waɗanda manhajar Kronos ke tsara musu aiki bisa hasashen yawan masu saye. Hasashen na iya yin daidai, amma sai ma'aikaci ya rufe shago da dare ya dawo ya buɗe da asuba, kuma ba ya sanin jadawalinsa sai saura 'yan kwanaki. Da labarin ya fito kamfanin ya yi alkawarin gyara, kuma gyaran ƙa'idoji ne aka ɗora a kan hasashen: a daina sa mutum ya rufe da dare ya buɗe da asuba, a riƙa sanar da ma'aikata da wuri.

Jadawali sulhu ne tsakanin mutane, kuma sulhu sai da bayani. A 2025 gwamnatin Jihar Bauchi ta rufe makarantun firamare da sakandare kimanin mako biyar a lokacin azumi, wasu jihohin Arewa ma suka yi haka, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta nuna rashin yarda, aka yi ta muhawara a kafafen labarai. Ko ka goyi baya ko ka ƙi, ka san wanda ya yanke hukuncin, ka san dalilin da ya bayar, ka san inda za ka kai ƙorafi. Haka ake so ƙaramin jadawali ma ya kasance. Ɗaliba ta zo ta ce, "Malam, don Allah, an haɗa mini takarda biyu ranar Talata, ɗaya safe ɗaya yamma." Mai aiki da ƙa'ida zai iya buɗe kwamfuta ya ce mata, "Kin ga, in na matsar da ta yamman zuwa Laraba za ta yi karo da ta mutum 40 masu kari-oba. Alhamis kuwa zauren a cike yake. Ki yi haƙuri." Ba za ta ji daɗi ba, amma ta ji dalili, kuma in dalilin bai yi ba tana iya kai shi gaba. Mai aiki da abin da na'ura ta koya ba shi da abin cewa sai haka ta fitar. Su kuwa ChatGPT da 'yan uwanta, da mutane suka fara liƙa musu jerin kwasa-kwasai tun bayan fitowarta a ƙarshen 2022, suna iya ba ka tebur mai kyan gani da karo a ɓoye a layi na goma sha, domin ba a gina su don su tabbatar da sharaɗi ba. Suna da amfani wajen taya ka rubuta ƙa'idojin, amma ba su ne za su ba da hukunci ba.

To ina gurbin koyo? Yana wurin abin da ba mutum ne ke yanke shi ba, kuma ba wanda ya san shi tukuna. Mai tsara jadawali kan fara aiki kafin a rufe rajista, wani lokaci kafin sakamakon zangon baya ya gama fitowa. Bai san ɗalibai nawa za su zauna GNS ba, bai san nawa za su maimaita lissafi ba, bai san nawa za su biya kuɗin makaranta ana saura mako ɗaya jarrabawa su faɗo masa a ka ba. In ya ƙiyasta 300 suka zo 420, ranar jarrabawa za a riƙa jan benci daga wani aji. Wannan hasashe ne, kuma hasashe daga abin da ya gabata shi ne aikin da koyon na'ura ya iya. Sai ya ba da adadi, a miƙa wa ƙa'ida, ƙa'ida ta zaɓi ɗaki. In hasashen ya kuskure asarar kujeru ce, ba wanda aka hana sallah ko coci. Kuma a ƙara masa rata, domin zaure ya yi yawa ya fi ya yi kaɗan.

Ko a nan ma kada a yi gaggawar sayen abu mai tsada. Sau da yawa matsakaicin zango huɗu ko biyar da suka wuce, da ɗan ƙari saboda yawan waɗanda aka ɗauka bana, ya isa, kuma duk manhajar da ba ta doke wannan sauƙaƙƙen lissafi ba ba ta cancanci kuɗinta ba. Sannan sai da bayanai. Takardar sa hannun da masu tsaron jarrabawa ke zagayawa da ita a kowane zaure, ita ce shaida mafi inganci a kan mutum nawa suka zauna, a wane ɗaki, a wace rana. A wurare da dama ana ɗaure ta da takardun amsa a jefa a sito. Makarantar da ta sa wani ya riƙa shigar da waɗannan alƙaluma a kwamfuta kowane zango, bayan 'yan shekaru tana da abin koyarwa. Wadda ba ta yi ba, ko wace irin manhajar koyo aka sayar mata, ba da bayananta aka horar da ita ba.

Saura gwaji ɗaya da ya kamata kowane kwamiti ya yi wa duk wanda ya kawo masa manhaja, ko ta ƙa'ida ko ta koyo. Ranar Sallah a Najeriya ba ta tabbata sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato, kuma gwamnatin tarayya kan ayyana ranakun hutu ana saura 'yan kwanaki. A ce hutun ya faɗo a kan Litinin da Talata na makon jarrabawa. In ka sa na'ura ta sake lalube daga farko, za ta ba ka sabon jadawali mai kyau wanda ya motsa kowa: wanda ya shirya wa Alhamis ya ga an dawo da shi Laraba, wanda ya riga ya sayi tikitin motar gida ya ga an kai shi makon gaba. Abin da ake so shi ne gyara mafi ƙanƙanta, kuma masanan da suka gina UniTime sun yi bincike a kan wannan matsalar ita kaɗai. A aikace ƙa'ida ce ake ƙarawa: duk jarrabawar da ba ta faɗa ranar hutu ba a kulle ta inda take, waɗanda suka faɗa a nemo musu gurbi a gaba, ba a baya ba, kuma kowace matsarwa tana da tara mai nauyi. Sai kwamiti ya ɗauko jadawalin zangon da ya wuce, ya soke kwana biyu a tsakiya, ya ce wa mai tallar ya gyara a gabansu, a ƙirga jarrabawa nawa suka motsa da ɗalibai nawa abin ya shafa.